Isnadi da Mujalla: Fashin Baƙi kan Satar Rubutu a Tsakanin Masu Bincike

Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a ƙauyukan ƙasar Gumel ko Haɗeja ya san cewa malamin kirki ba ya warware mas'ala ya bar ta babu madogara. Idan ya gama bayani sai ya ce wane ne ya faɗa, a littafi kaza, a babi kaza, shi kuma ya karanta littafin a gaban malam wane. Almajirin da ya kawo magana babu tushe kuwa, tambaya ɗaya ake yi masa: a ina ka gani? Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin waɗanda magana ta biyo ta bakinsu, yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, Imam Suyuɗi kuma, wanda ya rasu a 1505, ya bar risala a kan bambancin da ke tsakanin mawallafi da ɓarawo. Na fara da wannan ne saboda akwai masu ɗaukar ƙa'idar ambaton manazarta a mujallun ilimi a matsayin wani sharaɗin Bature da aka ɗora mana don a wahalar da mu, alhali kuwa gado ne da muka tarar a gida, sai dai kawai ya zo mana da sabuwar riga.

Mujallar ilimi ta bambanta da jarida da littafi ta fuska ɗaya mai muhimmanci: abin da aka buga a cikinta ana ɗaukarsa a matsayin abin da aka tantance. Tun a 1665, lokacin da aka fara fitar da irin waɗannan mujallu a Faransa da Ingila, manufarsu ita ce a tabbatar da wanda ya fara gano abu, a kuma ajiye sakamakon bincike inda na baya zai ɗora a kai. A tsarin da ake bi yau, mai bincike yana aika maƙalarsa ga edita, edita ya tura ta ga masana biyu ko uku na fannin, galibi ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba, su duba hanyar binciken da hujjojinsa, sannan su ba da shawarar a karɓa, a gyara, ko a mayar wa mai ita. Gaba ɗayan wannan tsari a kan amana yake tsaye, domin mai tantancewa ba ya zuwa gonar gwaji ya auna buhunan da aka ce an samu, kuma ba ya iya karanta duk abin da aka taɓa bugawa a duniya.

Wannan magana ta shigo mana har gida. Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 yau tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da kwalejojin fasaha a Kazaure da Haɗeja. A karkarar Kano akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, da kwalejin ilimi ta tarayya a Bichi, da kwalejin aikin gona a Dambatta. A irin waɗannan makarantu malami ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai ya nuna maƙalun da ya buga, shi ya sa tsangayoyi da sassa da yawa suka buɗe mujallunsu. Alheri ne babba a ce ɗan Malam Madori ko Gwaram yana da inda zai buga bincikensa kan ƙasarsa, amma nauyin da ke tare da alherin ba ƙarami ba ne.

Mutane kan ce "satar fasaha" su haɗa kome da kome a ciki, don haka ya kamata a rarrabe. Keta haƙƙin mallaka laifi ne na shari'a, wanda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 take hukuntawa a Najeriya, kuma abin da dokar take karewa shi ne dukiyar mai abu. Satar rubutu kuwa ƙarya ce game da asalin magana. Mutum zai iya kwafe waƙar malamin da ya rasu shekaru ɗari biyu da suka wuce, babu magajin da zai kai shi kotu, amma idan ya sa sunansa a kai ya yi sata. Haka nan ko mai rubutun da kansa ya ce ya yafe, a ɗauka a sa wani suna, laifin bai faɗi ba, domin wanda aka yaudara shi ne mai karatu. Alƙur'ani, a aya ta 188 ta Suratu Ali Imrana, ya yi gargaɗi ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, kuma a hadisi an kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya.

Mafi sauƙin ganewa shi ne kwafe kalma da kalma. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne abin da marubutan Hausa suke kira wankiya, wato a ɗauko aikin wani a sauya kalmomi, a juya jimloli, a canza sunan gari, amma tunanin da tsarin hujjar da sakamakon duk na mai aikin farko ne. Akwai masu fassara maƙala daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa su gabatar da ita kamar sabuwa. Akwai mai maimaita kansa, wanda zai buga bincike ɗaya a mujallu biyu da take daban, ko ya yayyanka shi gida huɗu don lissafi ya cika. Sannan ga wanda kusan an mayar da shi al'ada, wato malami ya ɗauki kundin ɗalibin da ya duba ya tsakuro babi ya buga da sunansa kaɗai, ko abokai su yi adashin suna, kowa ya sa 'yan'uwansa a maƙalarsa ko da ba su karanta ta ba. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa, wadda fannoni da yawa suka ara, ta ce ba a kiran mutum marubuci sai ya taka rawar gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda zai amsa tambaya idan matsala ta taso. Shugabancin sashe ko biyan kuɗin bugu ba sa cikin waɗannan sharuɗɗa.

Akwai kuma nau'in da ya fi damuna, domin mu na karkara shi ya fi shafa. Mai bincike zai je wurin dattijon da ya haddace jerin hakiman garinsu, ko masunci a fadamun Haɗeja da Nguru da ya san yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ko tsohuwar da ta san itatuwan magani, ya kwashe musu ilimi na yini guda, sannan a maƙala ya rubuta cewa bincikensa ya gano kaza. Waɗannan mutane ba za su taɓa ganin mujallar ba, ballantana su yi ƙorafi. Abin da ya dace shi ne a nemi izininsu tun farko, a rubuta sunan wanda ya yarda a ambace shi da garinsu da ranar da aka yi hirar, wanda bai yarda ba kuma a sakaya sunansa amma a bayyana cewa daga bakin wani aka ji.

Shekaru kaɗan da suka wuce, lokacin da nake cikin editocin wata ƙaramar mujalla, an kawo mana maƙala kan amfanin takin gargajiya a gonakin wata ƙaramar hukuma ta yankinmu. Rubutun ya tsaru, jadawalai sun cika, kuma manhajar bincike ta nuna kamanci kaɗan ne tsakaninta da wasu ayyuka. Ina cikin karantawa sai na ga an ce an yi shukar farko a watan Afrilu, an kuma yi ta biyu bayan ɗan tsaikon ruwa na watan Agusta. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar nan ya san cewa Agusta tsakiyar marka ce, a lokacin ruwa ya fi sauka, kuma a Afrilu ko gajimare ba mu cika gani ba. Damina mai zango biyu ta kudancin Najeriya ce. Da muka bibiya sai muka tarar an ɗauko wani kundi ne da aka rubuta a kudu aka sauya sunayen garuruwa. Marubucin ya girme ni, kuma masallaci ɗaya muke sallar Juma'a. Na same shi a gida bayan la'asar na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wurin da ya shige mana duhu a aikin nan, muna so mu ga takardun da aka rubuta awon gonar." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ƙanena, lokacin ƙarin girma ya matso, kuma saura maƙala biyu lissafina ya cika." Bai musa ba, ya janye aikin, mu kuma muka rubuta dalili muka ajiye a fayil ɗin mujalla.

Wannan lamari ya nuna iyakar na'ura. Manhajoji irin su Turnitin da iThenticate, da EagleScan wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya samar, aikinsu shi ne su gwada rubutun da aka ba su da abin da ke cikin rumbunsu, su fitar da kashi nawa cikin ɗari ya yi kama. Kamanci suke aunawa, hukunci na mutum ne. Maƙala za ta iya nuna kashi 30 alhali duk ayoyi ne da hadisai da maganganun da aka jingina ga masu su yadda ya kamata, wata kuma ta nuna kashi 5 amma wannan kaɗan ɗin shi ne zuciyar binciken, kuma sato shi aka yi. Makarantar da ta ce duk wanda ya sauka ƙasa da wani adadi ya tsira, ta koya wa ɗalibai dabarar sauya kalmomi ne kawai, kuma masu shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar makarantu sun riga sun mayar da rage wannan adadi sana'a. Ƙari a kan haka, manhaja ba ta ganin abin da ba a sa a rumbunta ba. Dubban kundaye suna jibge a kan kantocin ɗakunan karatu ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, mujallun da aka buga a takarda kaɗai ba sa ciki, rubutun ajami ba ya ciki, kuma wanda ya fassara daga wani harshe zuwa Hausa yakan wuce salin alin. Saboda haka a fannin Hausa da tarihi da addinin Musulunci, idon masanin da ya yi karatu mai faɗi har yanzu shi ne babban mai gadi.

Kada a ɗauka cutar ta tsaya a kanmu. A Jamus ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan jami'a ta ƙwace digirinsa na uku saboda satar rubutu, ministar ilimi Annette Schavan ita ma ta sauka a 2013 saboda kundin da ta rubuta tun 1980. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai na ganganci zuwa mujallu 304, sai 157 suka karɓe ta. Irin waɗannan mujallu na neman kuɗi, waɗanda wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana lissafawa kafin ya rufe jerinsa a 2017, su ne ke cika akwatin imel ɗin malamanmu da alƙawarin bugu cikin mako guda. Daga baya abin ya zama masana'anta, inda ake ƙera maƙalu ana sayar da gurbin suna. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya, kuma fiye da 8,000 daga cikinsu na mujallun kamfanin Hindawi ne. Tun daga ƙarshen 2022 kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda kan iya ƙago manazartar da babu ita. Matsayin COPE, ƙungiyar ɗa'ar wallafa da aka kafa a Ingila a 1997, shi ne manhaja ba ta zama marubuciya tunda ba ta ɗaukar alhaki, kuma wanda ya yi amfani da ita dole ya bayyana.

Wani zai ce, to wa aka cuta idan an kwafi 'yan sakin layi a mujallar da mutum hamsin ne za su karanta? An cuci mai aikin farko, wanda ya sha rana ya kashe kuɗinsa. An cuci malamin da ya yi shekara biyu yana bin gonakin shinkafa a Kura da Bunkure ya fito da maƙala ɗaya tak, aka tsallake shi aka ɗaga wanda ya tara goma a wata shida. Babbar cutar kuwa tana sauka ne a kan wanda bai san ana yi ba. Malamin gona yana dogara da abin da aka buga wajen gaya wa manomin riɗi yawan takin da zai zuba da lokacin da zai yi shuka, jami'in lafiya yana dogara da shi wajen sanin yawan masu wata cuta a gunduma, kuma ɗalibin da zai yi bincike gobe zai ɗauki lambobin ƙarya ya gina nasa a kai. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu ya zo ne a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya nuna busasshe a sama, kuma algus a takarda ya fi na kasuwa daɗewa, domin buhu yana ƙarewa amma maƙala tana nan ana ta ambatonta.

Idan ana maganar magani, ni a ganina wuri na farko da za a duba shi ne dokar ƙarin girma. Muddin kwamiti ƙirga maƙalu yake yi kamar yadda ake ƙirga damman gero, to zai ci gaba da samun yawa babu nauyi. Sanarwar da masana suka tsara a San Faransisko a 2012 ta yi kira da a riƙa auna bincike da abin da ke cikinsa. Babu abin da zai hana makarantunmu su ce wa mai neman ƙarin girma ya zaɓo ayyukansa uku ko huɗu mafi inganci, a karanta su da gaske, ya kuma faɗi rawar da ya taka a duk maƙalar da ya yi tarayya da wasu. Dole ne kuma a dubi halin da malamin karkara yake ciki, na rashin wutar lantarki da tsadar data da ajin ɗalibai ɗaruruwa da kuɗin bugu daga aljihunsa. Wannan ba uzuri ba ne, amma tallafin bincike irin na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, idan ya isa hannun masu aikin a kan lokaci yana rage matsin da ke kai mutum ga yanke.

Sai koyarwa. Yawancin ɗaliban da suka kwafa ba su taɓa samun wanda ya zauna da su ya nuna musu yadda ake karanta shafi, a rufe littafi, a rubuta abin da aka fahimta, sannan a ce in ji wane ba. Yaron da ya taso da hadda, inda ƙwarewa ita ce ya mayar da karatu ba ƙari ba ragi, yana bukatar a fahimtar da shi cewa haddar ba laifi ba ce, abin da ake nema shi ne ya haɗa ta da isnadi, ya kuma bambanta maganar wani da tasa. Malamin da zai koyar da haka kuwa sai ya fara da kansa, domin takardun darasi da ake sayar wa ɗalibai da yawansu babu ambaton inda aka samo su.

Nauyi mafi ɗaci yana wuyan edita, kuma a ƙananan garuruwa ya fi tsanani. Wanda ya kawo maƙalar suruki ne, ko tsohon malaminka, ko wanda ya zo maka jaje bara. Kunya da zumunci abubuwa ne masu daraja a wurinmu, amma idan aka bar edita shi kaɗai da su, za su rinjaye shi. Abin da ke kare shi shi ne rubutacciyar ƙa'ida da aka buga a kowace fitowa, da aika maƙalu ga masu tantancewa na wasu jihohi, da dokar cewa editan da ke da alaƙa da marubuci ya miƙa aikin ga wani. Matakan da COPE ta tsara suna da adalci: a tara hujja, a rubuta wa marubuci a ji ta bakinsa, a bambanta kuskuren sabon shiga da ha'incin ganganci, idan abin ya yi girma a sanar da makarantarsa. Idan kuwa an riga an buga, sai a fitar da sanarwar janyewa mai bayyana dalili, a bar maƙalar da tambarin janyewa a kanta. Cire ta a ɓoye ba ya amfanar wanda ya riga ya kwafe ta a wayarsa. Dole a kiyaye mai kawo ƙorafi ma, musamman idan ɗalibi ne da makinsa ke hannun wanda yake ƙara.

Akwai aikin da kowace ƙaramar mujalla za ta iya farawa ba tare da jiran Abuja ba, shi ne ta fito da kanta fili. Ta sa tsofaffin fitowarta a intanet, ta nemi lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, ga kowace maƙala ta hannun ƙungiyar Crossref mai rajistar irin wannan lamba, ta yi ƙoƙarin cika sharuɗɗan shiga rumbuna irin su AJOL, wanda ke tattara mujallun Afirka tun 1998, marubutanta kuma su yi rajistar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, wadda kyauta ce, domin a bambance Musa Ibrahim na Ringim da na Rano. Wasu malamai suna tsoron sa aikinsu a intanet don kada a sace, amma a aikace wanda ke kulle a kabad ya fi saurin sacewa, tunda babu mai iya gwada shi da na ɓarawon. Ɗakin karatun da ke da na'urar ɗaukar hoton takardu guda ɗaya da ma'aikaci ɗaya zai iya fara da kundayen shekarar da ta gabata, yana komawa baya sannu a hankali, yana kuma buga taken kowane kundi da sunan mai shi da shekararsa, har da waɗanda aka rubuta da Hausa da Larabci.